A Bar Ni In Ƙarasa

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke. Maiɗakina tana gaishe ki da jiki. Jaririyarmu ta fara haƙori, duk abin da hannunta ya kai sai ta kai baki, har katin aikina na asibiti ta tauna.

Labarin ciwonki bai same ni da wuri ba. Sai makon jiya Baffa ya kira ni ya ce kin faɗi a aji kina tsakiyar darasi, ɓarin dama ya shanye, harshe kuma ya yi nauyi. Na so in kira ki a take, ya ce kada in wahalar da ke, magana a waya ba ta yi miki yanzu, amma karatu kina yi sarai. Shi ya sa na koma ga takarda da biro. Ba don nisan ƙasar nan ba, da kaina za ki gani a ƙofa.

Gwaggo, kin san aikina. Kullum ina tsaye tsakanin likita da majinyaci ina juya musu magana, saboda haka na ga masu irin ciwon nan ba adadi. Akwai wata dattijuwa da muke da ita a nan, ita ma haka ya same ta. Babban ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta gidansa, ta ajiye komai ta huta. In kin gan ta yanzu har ƙiba ta yi. Ban ce komai ba fa, labari ne kawai ya faɗo mini.

Af, na ji an ce Baffa ya gyara ɗakin ƙasa na gidansa, wanda tagarsa ke kallon lambu, har ƙarfen dafawa ya sa a banɗaki. Kin leƙa shi kuwa? Ya kika gan shi? Sannan shi ajin yamman nan, kin daɗe kina fama da shi. Ba ki taɓa jin kamar ya isa haka ba? Tambaya ce kawai ta ɗa da uwa.

Ki rubuto mini ko layi biyu ne in hannu ya yarda. Allah ya tashi kafaɗunki.

Ɗanki,
Tafinta

Zuwa ga Tafinta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafa tana ja, amma tana zuwa inda na aike ta. A gaishe mini da maiɗakinka, a shafa mini kan mai sabon haƙori. In ka ga rubutun nan kamar kaji sun yi tono, hannun hagu ne, bai taɓa riƙe biro ba sai da tsufa.

To ɗan nema, yaushe ka koma ɗan aike? Tun daga labarin dattijuwar da ta yi ƙiba na ji ƙamshin turaren Yaya, Baffan naka, a jikin takardar. Wai ba ka ce komai ba. Ka ce mana! Ka ce ɗaki, ka ce lambu, ka ce ƙarfen banɗaki, sauran kawai ka aiko motar kwasar kaya. Zumuncina da kai sai an zauna an lissafa, kakanka da ubana 'yan wa da ƙani ne, amma duk dangin nan Yaya ya rasa wanda zai turo mini sai kai daga wata uwa duniya, don ya san ba na iya ɗaure maka fuska.

Ka san darasin da nake yi ranar da na faɗi? Kalmomin nan na Turanci masu jela, waɗanda za ka ga aikatau guda, a liƙa masa 'yar guntuwar kalma a baya, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Direba ne ya kawo maganar, wani babban ɗalibina mai furfura a gemu. Yana son neman hutu wurin maigidansa, amma yana so ya fara jin inda mutumin ya sa gaba kafin ya fito da bukatarsa. Na rubuta musu yadda ake faɗin haka a allo, ina cikin sa su maimaitawa alli ya suɓuce daga hannuna. Wato ni da nake koyar da bugun ciki da Turanci, ni za ka zo ka bugi cikina da Hausa? Kai, ka ji kunya.

Bari in gaya maka abin da bai gaya maka ba. Ina kwance a asibiti ya buɗe jakata ya cire makullin ajin, har yau yana aljihunsa. Ka tuna ɗakin, na ƙasan benen mahaifinmu, tsakanin shagon aski da mai sayar da magani. Mai askin ya daɗe yana ƙyalla ido a kansa, yana son ya fasa bango ya ƙara kujeru. Yanzu Yaya na neman ya ba shi, ni kuma a kai ni in zauna ina kallon lambu. Ɗalibaina fa, masu tashi daga aiki su zo a gajiye su zauna kan benci suna koyon abin da bai same su a yarinta ba? Su kuma su kalli me?

Amma ba makullin ne ya fi ci mini rai ba. Maganar tana nan a kaina tsaf, hanyar fitowa ce ta toshe, sai na turo ta gaɓa gaɓa. To ba mai bari in turo. In na ce "ru", kafin in numfasa matar Yaya ta sa mini kofi a baki. In na ce "ma", ta ce "magani" ta ruga, baiwar Allah, da zuciya ɗaya take yi. Rannan na sha maganin da ban nema ba, ni kuwa mayafina nake so. Shi Yaya jimla guda yake ƙarasa mini, ya kuma ba kansa amsa, ya tashi yana murna mun yi hira.

Na gaji, Tafinta. Wallahi na gaji, irin gajiyar da ban taɓa yi ba. Wani lokaci sai in rufe bakina in bar su su yi ta faɗin abin da nake nufi.

Hannu ya fara ciwo, zan tsaya nan. Ka gaya wa wanda ya aiko ka, in yana son jin ta bakina ya zo ya zauna.

Gwaggonka

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan sauƙi yana ƙaruwa. Mu ma lafiya, sai dai zazzaɓin haƙori da ya hana mu sakat kwana biyu, yanzu ya sauka. Rubutun hannun hagun nan naki ya fi na likitocinmu karantuwa, Allah kuwa.

Kin kama ni, ba zan yi musu ba. Baffa ne ya ce in ji masa ra'ayinki a hankali, ni kuma na yi zaton na iya. Maiɗakina da na karanta mata wurin kaji da turare sai da ta riƙe ciki don dariya.

Amma da na zo ƙarshen takardar dariyar ta tsaya. Tun da nake ban taɓa jin kin ce kin gaji ba. Na karanta layin nan na sake karantawa, sai da na fita waje na share ido. Gwaggo, aikina ke nan, jin abin da ke bayan magana. Majinyaci zai yi ta faɗa da kowa, amma a tsakiyar faɗan akwai 'yar kalma guda wadda ita ce gaskiyarsa. Na san ki. Ba za ki taɓa buɗe baki ki ce kin ajiye alli ba, ko da ranki yana so. Shi ya sa na sauƙaƙa miki. Na kira Baffa na ce masa kin gaji, kuma kin bar musu su yi abin da suka ga ya dace, kawai kada a tsare ki sai kin faɗa da bakinki.

Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce zai yi komai cikin ruwan sanyi ba tare da an dame ki ba. Ni ma yau na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina. Kin yi wa mutane iyakar yinki, yanzu ki bari a yi miki.

Ɗanki,
Tafinta

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Mu lafiya. Wata ya wuce har wani ya kama ban ga amsarki ba. Na tambayi Baffa, ya ce jiki da sauƙi, ya sauya magana. Na tambayi matarsa, ta ce in tambayi Baffa. Hankalina ya tashi. Ko hannun ne ya ƙi? Ko takardata ce ba ta iso ba? In ba za ki iya rubutu ba, ki sa wani ya rubuto mini kalma ɗaya, in san kina lafiya.

Ɗanki,
Tafinta

Tafinta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Hannu bai ƙi ba, takardunka duka biyu sun iso. Ni ce na ƙi. Da na amsa maka a makon da ta farkon ta zo, da na rubuta abin da zumunci ba zai ɗauka ba. A gaida mutanen gidanka, su ba su yi mini komai ba.

Kuma ba zan sa wani ya rubuto maka ba. Masu yi mini magana sun ishe ni.

Ka ji abin da sauƙaƙawarka ta haifa. Ana mayar da ni gida daga wurin gashin ƙashi, motar hayar ta bi ta gaban benen. Ina leƙawa na hango bencinan ajina a bayan akori kura, an ɗaure su da igiya ƙafafu sama. Wai an ba wata makarantar yara sadaka. Allona kuma an jingine shi a bakin titi, da sauran rubutun darasina na ƙarshe a jiki. Na yi ta bugun kujerar mai motar ya tsaya, bakina ya ƙi fitar da komai sai gurnani, matar Yaya ta ce masa, "Yi sauri malam, fitsari take ji." Haka muka wuce. Ranar na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

Na ce na gaji. Gaskiya ne. Da su na gaji, da kofi a baki, da maganin da ban nema ba. Wa ya ce maka da aji na gaji? A ƙarshen takardar na rubuta maka saƙo ƙarara, ya zo ya zauna. Ka tsallake wanda na faɗa, ka isar da wanda ban faɗa ba. Matar Yaya kalma take ƙarasa mini, kai kuwa rayuwa ka ƙarasa mini daga inda kake zaune.

Kai fa, Tafinta! Kai da aka kawo gidana kana ɗan ƙarami da i'ina, sunanka ma sai ka yi gumi kafin ya fito. Ubanka, Allah ya jiƙansa, ya saba amsa maka duk tambayar da aka yi maka. Wace doka na kafa a gidan? Ba a ƙarasa wa mutum kalmarsa. Sau nawa shayi ya huce a gabanmu muna jiranka ka ce a miƙo maka sukari? Kowa ya san sukari kake so, ga idonka a kan gwangwanin. Amma ba wanda ya miƙa sai da ka faɗa. Ni ban taɓa cewa na san abin da ke bayan maganarka ba. Jiranka na yi. Yau da bakin nan kake ci da iyalinka.

Dokar nan ita ce ta ajina har gobe. Shi ya sa zan gaya maka wani abu. Direba ne ya tsinci allon a titi, ya sa shi a mota ya kawo mini. Ya zo da Mai ɗinki da Kuku, tsofaffin ɗalibaina. Ɗakina ka san shi, mutum uku suka cika shi, allon ma sai a baranda aka bar shi. Mai ɗinki ta ce, "Malama, ya jiki?" Na fara. Na tsaya. Na sake farawa. Ba wanda ya motsa. Kuku ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, Direba ya harɗe hannu, kamar yadda suke yi in ɗan'uwansu ya maƙale a karatu. Na daɗe, amma na ce, "Jiki da sauƙi, ya aiki?" Tun da na faɗi, wannan ce jimlar farko da aka bari na kai ƙarshenta.

Sun kawo mini ɗaya daga cikin ƙananan maduban da nake raba musu su ga yadda leɓe da harshe ke tafiya. Yanzu ni ce ɗalibar. Kowace safiya ina zama da madubi, in yanka kalma gaɓa gaɓa, in bugi tebur a kan kowace gaɓa, in haɗa. Leɓena na dama malalaci ne, amma na koyar da waɗanda suka fi shi taurin kai.

Na rubuta wa Yaya a takarda cewa ya ba ni makullina. Ya karanta ya ninke, ya ce, "Wadda ba ta iya neman makulli da bakinta ba, me za ta yi da shi?" To madalla, shi ya kafa sharaɗin da kansa. Mai aski zai fara fasa bango farkon watan gobe. Kafin nan zan je ƙofar ajin in nemi abina da bakina, a gaban jama'a. In ka ga dama ka kira shi ka fassara masa wannan ma.

Gwaggonka

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kike lafiya. Mu ma lafiya, yarinya ta fara rarrafe. Takardarki ta zo, na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na kasa shiga gida sai da maiɗakina ta fito nemana.

Na yi laifi, ki yafe mini. A aikinmu ba abin kunyar da ya kai tafinta ya ƙara nasa a cikin maganar mutane. Da a asibiti na yi haka, da tuni an karɓe katina. Na kira Baffa na ce masa abin da na gaya masa ba maganarki ba ce, tawa ce na sa a bakinki. Ya ce to in sake tambayar masa ke a hankali. Na ce a'a, na ajiye wannan aikin, gidanki bai yi masa nisa ba.

Amma Gwaggo, tun da kin hana kewaye kewaye, bari in faɗi tawa kai tsaye, in kin so ki sake yin wata biyu ba ki amsa ba. Ba na son ki koma ajin nan. Ba saƙon kowa ba ne, nawa ne. Ke ɗalibai kike gani, ni kuwa masu dawowa karo na biyu nake gani, waɗanda suka ji sauƙi suka koma suka ɗora daga inda suka tsaya. Ni nake tsayawa in gaya wa 'ya'yansu abin da likita ya ce, da harshensu, ina kallon idonsu. Ba na son ranar da wani zai tsaya ya gaya mini naki. Laifina na karɓa, amma tsorona ba zan janye shi ba.

Kuma ki san wani abu game da Baffa. Ba mai aski ne a ransa ba. Ranar da kika faɗi shi aka fara kira, shi ya ɗauke ki daga ƙasa, ƙurar alli duk a fuskarki. Ya ce mini tun ranar ba ya iya bi ta gaban ƙofar nan, sai ya zagaya ta bayan layi. Waɗannan kalmominsa ne, ban ƙara ko ɗaya ba.

In kin ƙeƙasa ƙasa sai kin je, na san ba mai tare ki. Abu ɗaya nake roƙo, ki tambayi likitanki tukuna, kuma ki ji abin da zai ce har ƙarshe, ke ma kada ki ƙarasa masa.

Maganar sukari kuwa, ban manta ba. Har yau in na ga shayi ya huce sai na tuna ki.

Ɗanki,
Tafinta

Zuwa ga Tafinta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafa ta rage ja, hannun hagu kuma ya fara girman kai, dubi yadda layukan suka miƙe. A gaida maiɗakinka, a kawar da abin fashewa daga gaban mai rarrafe.

Na yafe maka. Takardarka ta ƙarshe ita ce ta farko da na ji muryarka a ciki, ko da yake ban yarda da kai ba. Ka ce kada in koma, na ji, na gode, na koma. Likita na tambaye shi kamar yadda ka roƙa, na kuma bar shi ya kai aya, da ƙyar. Ya ce sau biyu a mako, a zaune, ban da tsawa. Na ce masa tsawar ma ina na gan ta.

Ga yadda aka yi. Na sa Direba ya sanar da 'yan aji su hallara da yamma bayan tashi daga aiki, na aika wa Yaya cewa ina ƙofar ajin ina jiransa. Na yi zaton mutum biyar za su zo. Da muka iso na tarar sun cika bakin titi, wasu da kayan aiki a jikinsu. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana kallo, ga buhunan simintinsa a jingine da bangona.

Yaya ya iso a fusace, ta bayan layi kuwa, na lura. Ya ce, "Wane irin abin kunya ne wannan? A titi? Shiga mota mu tafi gida." Na dafa sandata na tsaya a gabansa. Na yi kwana da kwanaki ina tauna kalmar nan a gaban madubi, ta zauna daram. Amma da na ga idanu sun yi mini yawa sai harshe ya ƙulle. Na ce, "Ma." Shi ke nan, sauran ya ƙi.

Yaya ya juya ya ce, "Magani take so, wa ya taho da jakarta?"

Sai Direba ya matso, ya cire hularsa, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. A ajin nan ba a ƙarasa wa mutum kalmarsa."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ƙanwata ce fa." Mai ɗinki ta ce, "Mun sani, Alhaji. A dai jira ta." Ya waiga ya ga mutum fiye da ashirin sun yi tsit, ba mai kallona, ba mai kallonsa, kowa ya harɗe hannu. Tun muna yara ban taɓa ganin Yaya ya jira kowa ba.

Ba tebur, sai na bugi ƙofar ajin da hannun hagu. Ma. Na buga. Ta biyun ta tsaya mini a maƙogwaro, gumi ya jiƙa mini mayafi, yawu ya zubo ta gefen da ba na ji, na share da kaina. Ina ganin leɓen Yaya yana motsi, ya riga ya gane, kalmar tana bakinsa tana neman fita, ya cije ta. Kul. Na buga. Li. Sannan na haɗa, na ce, "Makulli. Yaya, ba ni makullina."

Bai motsa ba. Ya ce a hankali, "A cikin ɗakin nan na ɗauke ki daga ƙasa." Na ce masa, kuma wannan ma ya ɗauki lokaci, "Na sani. Na gode. Yau a tsaye nake." Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi. Kuku ya riƙe mana kwaɗon muka buɗe tare.

Ba benci ko ɗaya a ciki. Mai sayar da magani ya ba mu kwalaye, mai aski da kansa ya turo mini kujerarsa mai juyawa, ya ce simintin zai yi masa amfani a gida. Aka rataye allo. Rubutun darasin masu jela bai gama gogewa ba, muka ɗora daga nan. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kamar da ba ne. Abin da nake yi a zama ɗaya yanzu sai uku, wasu kalmomin Turancin kuma sun fi ƙarfin leɓena, sai in nuna Mai ɗinki ta furta, ni in gyara da kai. Direba dai har yau bai nemi hutun ba, wai yana nan yana bugun ciki.

Yaya ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a ɗakin ba. Yanzu duk ranar aji yana zaune a baya kan kwali da kwalbar ruwa da maganina a cinya, fuska a ɗaure. Na gaya masa duk wanda ya zauna a ajina ɗalibi ne, na miƙa masa madubi. Ya ƙi karɓa. Zai karɓa.

Kai kuma, wannan ce takardata ta ƙarshe, hannun hagu ya yi nasa. Nan gaba in kana son jin ra'ayina a kan wani abu, ka kira ni a waya ka tambaye ni. Ka nemi wuri ka zauna, ka haɗa shayinka. Zan daɗe. Na jira ka a lokacinka, yanzu kai za ka jira.

Gwaggonka,
Malama